Kaboyin Yamai na 1966 da inda rayuwa ta kai kowannensu

A shekarar 1966, shekaru 6 bayan Nijar ta samu mulkin kai, wasu matasa suka haɗu a Yamai suka yi wani fim mai launi wanda tsawonsa bai wuce minti 34 ba. Sunansa da Faransanci « Le Retour d'un aventurier », wato dawowar ɗan yawon duniya. Babu kamfanin fim a ƙasar a lokacin, babu makarantar koyon wasa, babu ɗakin wanke hoto. Sai an aika da nadin zuwa Faransa kafin wanda ya ɗauka ya ga abin da ya ɗauka. Duk da haka wannan ɗan gajeren aiki shi ne masana tarihin silima ke yawan kira fim ɗin kaboyi na farko da ɗan Afirka ya yi, kuma daga cikinsa ne mutum uku suka fito waɗanda ba a iya ba da tarihin silimar Nijar ba tare da an ambace su ba: Moustapha Alassane da ya shirya shi, da Zalika Souley da Djingarey Maïga da suka yi wasa a ciki.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Wani saurayi mai suna Jimi ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da tsaraba: malafu, takalma masu tsini, bindigogi, rigunan kaboyi. Ya raba wa abokansa, kowa ya ajiye sunan yanka ya ɗauki na aro, wannan Black Cooper, wancan Casse-Tout, budurwar da ke cikinsu kuma Reine Christine. Suka hau dawaki, suka shiga sukuwa cikin daji har suna korar raƙuman dawa, suka koma sata da caca da faɗa, suka hana dattawa sakat, daga baya kuma rikicin ya juyo tsakaninsu. Duk wanda ya tashi a Adar, a Ibohaman ko Buza ko Madawa, inda samari ke fita ci-rani zuwa Abijan ko Nijeriya ko Libiya da zarar an kawar da amfanin gona, ya san wannan akwatin. Abin da ke cikinsa ne kawai ke sakewa daga zamani zuwa zamani, jiya rediyo da tabarau, yau wayar salula da babur.

Wasu sun ɗauki fim ɗin kwaikwayo ne na Amurkawa. Wannan fahimta ba ta yi masa adalci ba. A wancan zamani kamfanoni biyu na Faransa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da gidajen silima da rarraba finafinai a ƙasashen Afirka renon Faransa, abin da suka fi kawowa kuwa shi ne finafinan kaboyi da na Indiya da na Masar. Alassane ya dubi abin da wannan abinci ke yi wa ƙwaƙwalwar samarin Yamai, ya mai da shi abin dariya, amma bai yi wa samarin dariyar raini ba, domin a fili yake cewa shi ma yana son dawakin da ƙurar da suke tayarwa. A shekarar nan ta 1966 ce Sergio Leone ya fito da « Le Bon, la Brute et le Truand » a Italiya. Ashe ba a Yamai kaɗai ake aron malafar kaboyi ba. Bambancin shi ne Leone yana da kuɗi da kasuwa a bayansa.

An haifi Moustapha Alassane a 1942. Bakanike ne da farko, mai hannun zane, wanda tun yana yaro yake yanka kwali ya haska fitila a bayansa ya nuna wa jama'a inuwa tana motsi a jikin ƙyalle. Zanen ne ya kai shi cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, wadda daga baya ta zama IRSH, inda ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a matsayin injiniyan hanya ya ƙare yana mai ɗaukar fim. A 1962 Alassane ya yi « Aouré », kan al'adar aure a wani ƙauyen Zabarmawa na bakin kogi, da « La Bague du roi Koda ». Sai aka buɗe masa hanyar zuwa Kanada, inda ya ga yadda Norman McLaren ke aikin zane mai motsi. « La Mort de Gandji » ya samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966, « Bon voyage Sim » kuma, wanda ya fito a wannan shekara, kwaɗo ne ke shugabancin ƙasa a cikinsa, yana tafiya ziyarar aiki ana buga masa badujala. A zamanin jam'iyya ɗaya, sanya kwaɗo a kan kujerar mulki dabara ce ta mai gatana: kowa ya gane, ba wanda zai iya kama ka da laifi.

Wannan dangantaka da gatana ita ce jijiyar aikinsa duka. A 1969 ya yi « Deela ou Albarka le conteur », inda ya ɗora fim a kan bakin Albarka Tchibaou, shahararren mai ba da labari da Hausa na ƙasar Tawa. A 1972 ya fito da « F.V.V.A. », haruffan da ke nufin mata, mota, gida da kuɗi, abubuwa huɗu da sabon ma'aikacin gwamnati ke auna kansa da su, Djingarey Maïga da Zalika Souley sun sake haɗuwa a ciki tare da Sotigui Kouyaté, wanda daga baya ya yi suna a Turai a dandalin Peter Brook. Bayan haka sai « Toula », da ya yi tare da Bajamusa Anna Soehring bisa wani labari na Boubou Hama, labarin budurwar da aka nemi a ba aljanin ruwa don a samu damina, aka kuma yi shi daidai lokacin babban farin da ya kashe dabbobin Sahel a farkon shekarun 1970. « Samba le Grand » na 1977 da ƴan tsana aka yi shi. Ya kuma shugabanci sashen silima a jami'ar Yamai na tsawon shekaru 15.

Hanyar Zalika Souley ta fi ta kowa ƙaya. An haife ta a Yamai a 1947, ba ta cika shekara 20 ba sa'ad da ta sa wando ta hau doki a matsayin Reine Christine. Wanda ya fi ba ta aiki bayan haka shi ne Oumarou Ganda, tsohon sojan Faransa a yaƙin Indochine, ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, wanda Rouch ya sa a « Moi, un Noir » a 1958. Ta fito a « Cabascabo », da aka nuna a Cannes a 1969, da « Le Wazzou polygame », wanda ya ci Étalon de Yennenga na farko a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, da « Saïtane », da « L'Exilé » na 1980. A « Wazzou » ita ce kishiyar da kishi ya kai ta ga kisan kai. Ta iya wasan ƙwarai, kuma iyawar ce ta jawo mata. Masu kallo da yawa a lokacin ba su raba mai wasa da wadda take kwaikwaya ba, suka ɗauke ta muguwar mace ko mara kamun kai, suka bi ta da zagi a titi. Namiji da ya yi ɓarawo a fim yana komawa gida a gaishe shi. Mace kuwa rigar wasan ta manne mata.

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, yana da shekara 45, daidai lokacin da farashin yuraniyom ya fara faɗuwa, kuɗin da gwamnati ke ɗan taimaka wa al'adu da su suka ƙafe. Zalika ta ƙara fitowa a wasu finafinai, har da « Aube noire » na Djingarey Maïga a 1983, amma aikin ya yi ta raguwa har ya tsaya. Sa'ad da Rahmatou Keïta ta je ta ɗauke ta don fim ɗinta « Al'lèèssi... une actrice africaine », wanda ya fito a 2004 aka nuna shi a Cannes a 2005, ta same ta da ƴaƴanta a ɗakuna biyu a Yamai, babu ko famfo a gidan. Fim ɗin ya rufe da labarin cewa ta bar ƙasa a shekarar 2000 ta tafi aikatau a ƙasar waje. Ta rasu a watan Yuli 2021.

Djingarey Maïga shi ne mai naci. An haife shi a 1939, ya zo Yamai ya yi aikin karanta kwantar lantarki gida-gida kafin Alassane ya ba shi malafar Black Cooper. Ya zauna a ƙarƙashin Alassane yana koyon riƙe na'urar ɗauka, ya yi ɗan gajeren fim « Le Ballon » a 1972, sannan ya kama wata hanya da bai sake ta ba: « L'Étoile noire » a 1976, « Nuages noirs » a 1979, « Aube noire » a 1983, « Miroir noir » a 1994, « Vendredi noir » a 1999, « La Quatrième nuit noire » a 2009, da wasu bayansu. Kalmar baƙi tana cikin kusan kowane suna. A duba ratar shekaru 11 tsakanin na uku da na huɗu: ita ce tarihin tattalin arzikin ƙasar a taƙaice, daga tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 zuwa rage darajar kuɗin sefa da rabi a Janairu 1994, wanda ya ninka tsadar nadin fim da wankinsa a dare ɗaya. Finafinansa ba su kai na Ganda gogewa ba, kuma sukan ja magana fiye da kima, amma ba wanda ya kai shi yawan nuna cikin gidan ma'aikacin Yamai, da rigimar uwargida da amarya, da cin hanci a ofis.

Akwai mutum na huɗu da ake mantawa da shi. Wani saurayi Bafaranshe haifaffen Tunis, Serge Moati, yana Yamai a lokacin yana aiki da talabijin ta makarantu, shi ya ɗauki yadda ake yin fim ɗin ya kira nasa « Les Cow-boys sont noirs ». Ya koma Faransa, ya zama na kusa da François Mitterrand, ya shugabanci tashar FR3 a farkon shekarun 1980, ya gabatar da shirin muhawara « Ripostes » daga 1999 zuwa 2009. Ba laifinsa ba ne, amma idan aka jera rayuwarsa da ta Zalika, su da suka tsaya a fili ɗaya a 1966 kusan sa'o'in juna, za a ga abin da ake nufi da ƙasa mai masana'antar fim da ƙasar da ba ta da ita.

Matsalar tun daga tushe take. Ofishin silima na ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa, wanda aka kafa a 1963, yakan sayi izinin nuna waɗannan finafinai ba don kasuwa ba, ya rarraba su a cibiyoyin al'adun Faransa da bukukuwa. Hakan ya ba masu shiryawa ɗan abin da za su fara wani aikin, amma bai kai finafinan gaban mai sayen tikiti a Tawa ko Maraɗi ba. Haute-Volta, Burkina Faso ta yanzu, ta ƙwace gidajen silimarta a 1970 ta riƙa zuba wani kaso na kuɗin shiga cikin shirya finafinai. Nijar, wadda ta riga ta fita fage, ba ta samu cibiyar silima ta ƙasa ba sai 2008. Kafin nan kaset ɗin Kano, waɗanda suka fara da « Turmin Danya » a 1990, sun cika kowane gidan kallo daga Konni zuwa Keita, da harshen da mutane ke ji, da farashin da suke iya biya. Ɗalibin sakandare a Adar zai lissafa taurarin Kano goma kafin ya tuna sunan Zalika.

Alassane ya ƙare rayuwarsa a Tawa. Ya riƙe wani ƙaramin masaukin baƙi, ya mai da wasu ɗakunansa wurin aiki, inda yake ƙera ƴan tsanansa da kwaɗinsa, ya kuma koyi yin zane mai motsi da kwamfuta yana dattijo. Yana cikin motar da ta yi haɗari kusa da Birnin Konni ranar 18 ga Fabrairu 2004, inda Jean Rouch ya rasu yana da shekara 86. Faransa ta ba shi lambar Légion d'honneur a Cannes a 2007, Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong suka yi fim a kansa a 2009. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015, gidan adana fasaha na MoMA a New York ya nuna ayyukansa a 2017. A 2024 hukumomin Nijar suka cire sunan Jean Rouch daga tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Yamai, suka sa mata sunan Moustapha Alassane.