Gulabe Biyu da Aka Datse

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba. Wani littafin Indiya ne ya tsaya mini a rai, The Coffer Dams na Kamala Markandaya, wanda ya fito a 1969. Labarin wani kamfanin Ingila ne da ya je kudancin Indiya gina dam, aka tashi mutanen da ke zaune a bakin kogin tun kaka da kakanni. Injiniya yana lissafin kankare da ranar gama aiki, mutanen wurin suna kallon damina da halin kogi. Ni a karatuna, kogin ne babban tauraron littafin.

Wanda ya san Marnona ba sai an kai shi Indiya ba. Garin yana tsakanin gulabe biyu: Rima ta wajen Wurno da Goronyo, gulbin Sakkwato ta wajen Rabah. Fadamar nan ce ta ciyar da Wurno tun da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da ita ribaɗi, inda ya rasu a 1837. Kowace damina ruwa ya malala ya zube laka, a yi shinkafa. In ya janye, tafkuna su cika da kifi, a dasa albasa, shanun Fulani su sauko.

Duka biyun an datse su. Kamfanin Impresit na Italiya ya gama dam ɗin Bakolori kusa da Talata Mafara a 1978. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi ɗan adadi, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Wannan an rubuta shi a tarihi. Abin da ya fi damuna shi ne na ƙasa da dam, irin su Rabah, waɗanda ba a tashe su ba balle a biya su: malalen ya ragu, shinkafa ta ja baya, kifi ya yi ƙaranci, kamar yadda binciken W. M. Adams ya nuna. Ga gonarka nan, sai dai ba ita ba ce.

Na Goronyo aka gama a 1984. Gaskiya ya kawo noman rani da ruwan sha ga Sakkwato, ba na musu. Amma a Satumbar 2010 ruwa ya fi ƙarfinsa, ya share ƙauyuka da gonaki, ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi ɗan ƙauye zuwa birni. Littafin da nake so marubutanmu su ba mu shi ne wanda zai tsaya a fadamar da yaron ya baro, wajen uban da ke jiran wani ma'aikaci a Goronyo ya buɗe ƙofar ruwa.