Lambun Yazawa na Hotoro da Maƙwabtansa na Jeji

Tarihin dagatai da masu unguwanni akwai waɗanda suka fi ni saninsa a cikinmu, saboda haka na bar musu. Abin da zan kawo muku shi ne tarihin itatuwa da dabbobin da suka zauna a Hotoro kafin bulo da kwano su cinye ta, domin yaranmu na yau idan ka ce musu an taɓa farautar zomo a inda suke hawa adaidaita-sahu, sai su ɗauka tatsuniya kake yi.

Da farko ya kamata a sani cewa kewayen birnin Kano ya daɗe da rabuwa da ƙungurmin daji. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya iso Kano a 1851, gonaki da ƙauyuka ya tarar a hanya. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sai gyaɗa ta zama kuɗi, manoman Hotoro da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi suka shiga nomanta kamar kowa, irin gyaɗar da su Alhassan Ɗantata suka yi ta saye har aka tara dalar gyaɗa. To amma manomin wancan zamani ba ya share gona ƙwal. Yana barin ɗorawa da kuka da tsamiya da ɗinya da kanya, ga kuma gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero hasken rana, ya fito da sabo da rani lokacin da awaki ba su da abin ci. Wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin wannan yanki a shekarun 1960, ya nuna yadda jakuna suke shigar da itace birni su komo da taki, da yadda mutane suke da yawa amma itatuwan gona ba su ƙare ba. A cikin waɗannan itatuwa na manoma ne namun da zan ambata suka rayu.

Kakana na wajen uwa yana da lambu a gabashin Hotoro, mangwaro kaɗan, yazawa da yawa, bayansa kuma akwai wata saura da aka daina nomawa, ta cika da sabara da geza da magarya. Ita muke kira jeji, ko da yake mutum zai ratsa ta kafin ya gama cin rake guda. Yazawa baƙuwa ce a ƙasar nan. Asalinta Barazil, Turawan Fotugal suka yaɗa ta a ƙarni na 16. Gyaɗar da muke taƙama da ita ma daga Kudancin Amurka ta fito. Amma dabbobin jeji ba su tambayi asalin kowa ba.

Yazawa tana fure da hunturu, ta nuna da bazara, daidai lokacin da saura ta bushe, don haka kowa lambun yake nufa. Da magariba jemagu suke fara sauka. Jemage ruwan yazawa yake so, sai ya ɗauke ta ya tafi wata bishiya ya tsotse, ya yar da ƙwallon, shi ya sa muke tsintar ƙwallo a gindin tsamiya mai nisa, kuma shi ya sa ƙananan yazawa suke tsirowa a inda ba wanda ya shuka. Ƙwallon yana da wani mai a ɓawonsa mai ƙona fata, kuma na san akwai 'yan ajinmu da har yau suke da tabonsa a leɓe. Mukan gasa shi a gwangwani mai huji har ya kama da wuta. Iyayenmu mata sun hana mu shan madara bayan yazawa, mu ma ba mu taɓa gwadawa ba.

Da rana kurege ne mai gari. Yana tsayawa da ƙafa biyu a bakin raminsa yana leƙe, idan an shuka gyaɗa tsakanin itatuwa ya bi layi yana tone irin ɗaya bayan ɗaya kamar da shi aka yi shukar. Gafiya kuwa aikin dare take yi, tana cika kumatu ta kai rami. Na ga an haƙa ramin gafiya an fito da gyaɗa da ƙwallon yazawa cike da ƙwarya. Kakana yakan yi faɗa da su, amma bai yarda a kashe shirwa ko mujiya a lambunsa ba, domin ya ce su ne masu gadin da ba a biya. Akwai bushiya a ƙarƙashin busasshen ganye, akwai damo a ramin gara, fakara tana kuka da asuba, kurciya da hasbiya suna kan ɗorawa. Dila sau biyu kacal na gan shi. Kura a bakin tsofaffi na ji ta.

Tsuntsaye biyu suka fi tsaya mini a rai. Shamuwa tana zuwa gab da damina ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, ba mai taɓa ta, manomi yana ganinta ya fara gyaran garma. Da kaka ta nufi kudancin Afirka. Sai ungulu, wadda a da ba mahautar da za ka je ba ka tarar da ita ba. Mun raina ta saboda yawanta.

Abin da ya watsa wannan zama ya zo a jere. Farin 1973 ya kashe itatuwa, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta karya nomanta, kuɗin man fetur kuma ya ja samari zuwa birni. Gona ta daina biyan mai ita. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta mai da ikon filaye hannun gwamna, aka shiga yanka fuloti a bakin titin Maiduguri, aka gina defon mai, daga baya hanyar Eastern Bypass ta ratsa gabas. Mai fuloti abin da yake fara yi shi ne kiran masu gatari, tunda ɗorawa guda tana iya cinye wurin ɗaki biyu. Ban ga laifin magada da suka sayar ba, mu ma da aka raba gadon kakana sayarwa muka yi; gona ɗaya ba ta isar mutum ashirin. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne masu zana unguwa, waɗanda suka auna titi da kwata amma ba su ware ko kadada ɗaya da tsofaffin itatuwanta ba. Gwamna Audu Baƙo, a farkon shekarun 1970, ya ware wa namun daji fili a bayan Gyaɗi-Gyaɗi, kuma gidan zoo ɗin nan na daga cikin 'yan wuraren da manyan itatuwa suka tsira a wannan ɓangare na birni.

Zomo da fakara suka fara tafiya, domin su saura suke buƙata. Kurege ya ɗan jure a kangwaye. Gafiya ba ta je ko'ina ba, ta koma kwata da ɗakin ajiya. Jemagu suna nan a inda mangwaro ya rage. Ungulu kuwa, a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya irin tamu cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, saboda guba da kuma masu sayen sassan jikinta don magani. Na tambayi 'yan ajinmu huɗu a taronmu na bara yaushe rabonsu da ganin ungulu a Tarauni, kowa ya yi shiru yana lissafi, ɗaya ya ce tun kafin ya yi aure, kuma yanzu yana da jikoki uku.