Takunkumi da Leƙen Asiri: Tarihin Kwamfuta da Sirrin Mai Ita a Sudan

Ga wanda ya zauna a Aljirif, a gaɓar Shuɗin Nilu cikin Khartoum, ko ya yi mu'amala da Hausawan Omdurman, maganar tsare sirri a kwamfuta ba baƙuwa ba ce. Tarihin Sudan na shekaru kusan talatin da suka wuce ya nuna yadda na'urar mutum take zama ƙofar da ake shiga gidansa ba da sallama ba. Abin ya zo ta fuska biyu: ta wajen ƙasar, da kuma ta cikinta.

A watan Nuwamba na 1997 gwamnatin Amurka, a zamanin Bill Clinton, ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin tattalin arziki. An yi nufin gwamnatin Umar al-Bashir ce za ta ji jiki, amma ɗalibi da ɗan kasuwa su ma sun ɗanɗana. Kamfanonin Amurka da dama sun rufe ƙofofinsu ga duk wanda ya shiga intanet daga Sudan, har sayen manhaja ta halal da sabunta ta suka zama wahala. Mutane suka koma ga kwafin sata da ake sayarwa a kasuwa. Illar hakan a fili take. Kowace manhaja tana da ɓaraka, kuma sabuntawa ita ce ɗinkin da kamfani yake aikowa idan ya gano ta. Kwamfutar da ba ta samun wannan ɗinki tana nan a buɗe, kwafin sata kuwa sau da yawa da ƙwayar cutarsa yake zuwa. Sai a watan Fabrairu na 2015 Amurka ta sassauta dokar a kan na'urori da manhajojin sadarwa, sannan ta ɗage mafi yawan takunkumin a watan Oktoba na 2017.

A daidai lokacin da talaka yake fama da wannan rashi, hukumar leƙen asiri da tsaro ta ƙasar tana sayen kayan kutse daga Turai. A watan Fabrairu na 2014 cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto ta lissafa Sudan cikin ƙasashe 21 da ake zargin suna amfani da wata manhajar leƙen asiri ta kamfanin Hacking Team na birnin Milan a Italiya. Manhajar, idan ta shiga kwamfuta ko waya, tana kwashe saƙonni da kalmomin sirri, tana kuma iya kunna kyamara da makirufo ba tare da sanin mai na'urar ba. Hanyar shigarta kuwa sau da yawa ba ta wuce takarda ko mahaɗi da aka aiko wa mutum ya latsa ba.

A watan Yuli na 2015 reshe ya juye da mujiya. Aka yi wa kamfanin kansa kutse, aka watsa kusan gigabait 400 na bayanansa a intanet. Cikin takardun aka ga shaidar cewa hukumar tsaron Sudan ta biya Yuro 960,000 a shekarar 2012. Aka kuma ga cewa wasu kalmomin sirrin da ake amfani da su a cikin kamfanin masu rauni ne ƙwarai, irin waɗanda yaro zai iya cinka. Masu sana'ar fasa ƙofar wasu ke nan, ga tasu ƙofar da sakata ta kara.

Zanga-zangar da ta kunno kai a Atbara ranar 19 ga Disamba 2018 ta buɗe wani sabon babi. Gwamnati ta toshe Facebook da WhatsApp da Twitter, jama'a suka koyi amfani da VPN don kewaye shingen. Bayan kifar da al-Bashir ranar 11 ga Afrilu 2019, da kisan masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja ranar 3 ga Yuni, an yanke intanet na fiye da wata guda. An sake yankewa bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, sai haɗarin ya sauko daga na'ura zuwa titi: a shingayen bincike ana karɓar waya a duba hotuna da saƙonni, kuma a cikin wannan wayar ce kuɗin mutum suke, tunda manhajar Bankak ta Bankin Khartoum ta zama hanyar ciniki ga ɗimbin jama'a. An kuma wawushe gidaje da ofisoshi da jami'o'i, kwamfutoci suka tafi da aikin shekaru.

Daga wannan tarihi mai karatu zai tsinci abin yi. Ya sabunta manhajarsa duk lokacin da aka aiko, domin an yi zamanin da mutanen Sudan suka nemi wannan dama suka rasa. Ya guji kwafin sata, ya yi wa kowane asusu doguwar kalmar sirri ta daban, ya ƙara da tantancewa ta mataki biyu. Kada ya latsa mahaɗin da bai san asalinsa ba, ko da da sunan aboki ya zo. Ya kulle bayanan na'urarsa ta yadda ɓarawo ba zai iya karantawa ba, ya ajiye kwafin muhimman takardunsa a wani wuri dabam. Abin da kuwa zai jawo wa wani bala'i idan an gani, hoto ne ko lambar waya, gara kada ya kwana a cikin waya, domin sirrin da ke aljihunka ba naka kaɗai ba ne, har da na duk wanda ya amince ya rubuto maka.