Faɗa da Yawo da Labari: Tarihin Mizanin Hikayar Jarumta daga Dajin Garki zuwa Allon Wasa

Duk wanda ya ratsa Garki ko Ringim ko Dutse da almuru a wannan zamani, ya kuwa leƙa rumfunan da samari suke taruwa ana jin rurin janareta, lalle zai tarar da yara sun ƙura wa allo ido, kuma ko da yake mafi yawansu ƙwallon ƙafa suke bugawa, ba a rasa wanda ya keɓe yana tafiyar da wani jarumi mai takobi, wanda yake saran dodanni, ya kutsa kogo, sa'an nan ya tsaya ya saurari jawabin wani tsoho da ya tare shi a hanya. Ma'abota sana'ar ƙera irin waɗannan wasanni sun daɗe suna muhawara a kan mas'ala guda, watau yadda za a auna rukunai uku, faɗa da yawon bincike da labari, don kada ɗaya ya danne 'yan'uwansa. Abin da nake nufin tabbatar wa mai karatu shi ne, wannan mas'ala ta riga na'ura zuwa duniya, kuma magabatanmu na wannan ƙasa sun san ma'auninta tun ba a san lantarki ba.

Garki, wadda a da gunduma ce a ƙarƙashin Sarkin Kano, ta kuma koma cikin masarautar Ringim bayan da aka yanki Jihar Jigawa a 1991, ƙasa ce ta rairayi da jigayi, ta gero da gyaɗa da riɗi, inda manomi yake samun sararin rani mai tsawo bayan ya kai amfaninsa rumbu. A wannan sarari ne al'adar farauta take tashi, a nan da sauran ƙasar Hausa. Idan Sarkin Dawa ya sa rana, aka buga gangi, sai mazaje su fito da karnuka da gora da adda da barandami, 'yan tauri suna ta kirari, a nausa daji tun da sassafe. Ban da wannan taro kuma akwai maharbi, mai tafiya shi kaɗai da baka da kwari, wanda yakan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya durƙusa yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya kusanci naman da yake so. Darajar wannan sana'a ta kai har masu tarihin baka suna jingina asalin Dutse, wadda ake yi wa laƙabi da Gadawur, ga wani maharbi mai suna Duna Magu, wanda ya iske gada da yawa a tsakanin duwatsun wurin.

To, wanda ya yi tadabburi a kan yinin farauta zai ga yadda aka raba shi. Mafi yawansa yakan tafi ne wajen bin sawu, da duban inda ciyawa ta kwanta, da sanin iska ta wace fuska take kaɗawa. Arangama da dabba kuwa, ko jayayya a kan wanda ya fara sara, ba ta wuce ɗan lokaci kaɗan. Amma labarin da za a bayar da daddare a dandali, da kirarin da gwani zai ƙara a kan nasa, shi ne yake wanzuwa har jikoki su gada. Wahalar bin sawu ita take ba wa sara daraja, saran shi yake ba mai labari abin faɗa, labarin kuma shi yake cusa wa yaro sha'awar fita daji baɗi. Rukunan nan uku kamar duwatsun murhu suke, in an janye ɗaya tukunya ta kife.

Da ilmin boko ya shigo, sai wannan hikima ta tashi daga fatar baki ta hau takarda. Wani jami'in mulkin Turawa, Frank Edgar, ya tattara tatsuniyoyi da hikayoyin Hausa cikin mujalladi uku tsakanin 1911 da 1913. Bayansa, a 1933, Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da littattafai biyar, kuma uku daga cikinsu sun isa su zama darasi ga mai neman gane wannan mizani, domin kowannensu ya fifita rukuni ɗaya ba tare da ya yar da sauran ba. Malam Bello Kagara, a Ganɗoki, faɗa ya sa gaba, tun daga yaƙe-yaƙen zuwan Turawa har gumurzu da aljanu, amma da ya lura cewa sara a wuri ɗaya yana gundurar mai sauraro, sai ya ɗauki jaruminsa ya kai shi ƙasashe masu nisa. Ƙanensa Abubakar Imam, a Ruwan Bagaja, yawo ya sa gaba, ya aika Alhaji Imam neman ruwan magani daga gari zuwa gari, ya kuma haɗa shi da Malam Zurƙe domin kowane zango ya sami karawarsa, karawar wayo da makirci maimakon ta takobi. Shi kuwa Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Shaihu Umar, ƙissa ce ta rinjaya, malami yana ba almajiransa tarihin bautar da ta raba shi da mahaifiyarsa, duk da haka harin bayi da ƙetare Sahara su ne suka riƙe numfashin mai karatu.

Su ma masu na'ura ta wannan hanya suka bi, sai dai sun fara ne da rarrafe. A 1976 wani Ba'amurke, Will Crowther, wanda yake da sha'awar shiga koguna, ya tsara wasan Colossal Cave Adventure bisa tsarin wani kogo na gaske a jihar Kentaki, rubutu zalla ba hoto, mai wasa yana rubuta umurni, kwamfuta tana ba shi amsa. A 1980 kamfanin Atari ya fitar da Adventure na Warren Robinett, inda aka ga dodanni uku da takobi a kan allo, aka kuma hana mai wasa ɗaukar abu fiye da ɗaya a lokaci guda, don tilas ya zaɓa tsakanin makami da mabuɗi. Amma wanda ya kafa ƙa'idar da ake bi har yau shi ne The Legend of Zelda na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a Japan a 1986, kuma Shigeru Miyamoto ya gina shi bisa tunawa da yawon da ya yi yana yaro a dazuzzuka da kogunan karkarar Kyoto. Dabararsa ita ce, abin da aka samo a cikin kurkukun dodo, kamar tsani ko abin ƙetare ruwa, shi ne yake buɗe wani yanki na ƙasa da a da ba ya shiguwa, ta yadda faɗa yake biyan yawo, yawo kuma yake kai mutum ga sabon faɗa. A 1989 Jordan Mechner ya fito da Prince of Persia, mai ƙamshin hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, ya ba jarumi minti 60 kacal ya ceci gimbiya daga hannun azzalumin waziri, sai labarin da kansa ya zama abin da yake kora mai wasa gaba.

Da na'urori suka ƙara ƙarfi, sai fitina ta zo ta wata fuska, domin waɗansu sun cika wasanninsu da sara har hannu ya gaji zuciya ba ta amfana ba, waɗansu sun shimfiɗa ƙasa mai faɗi wadda babu kome a cikinta sai tafiya, waɗansu kuma sun mai da mai wasa ɗan kallo, yana zaune ana yi masa fim. Gwanayen da suka gyara wannan ɓaraka sun yi haka ne ta hanyar saƙa rukunan cikin juna. God of War, wanda ya fara fita a 2005 yana cike da zubar da jini, da aka sabunta shi a 2018 sai aka haɗa jarumin da ɗansa a tafiyar cika wasiyyar uwar yaron, aka sanya hikayoyi a lokacin tuƙin kwale-kwale, da zarar an sauka gaɓa sai mai ba da labari ya dakata. A Breath of the Wild na 2017 kuwa, makamai suna karyewa don a tilasta wa mai wasa fita neman waɗansu, an kuma warwatsa tarihin jarumin a wurare daban-daban, wanda ya nema shi yake samu. Mafaraucin Garki ba zai ga baƙon abu a cikin wannan tsari ba.

Afirka ma ta fara sa hannu, gama a 2016 kamfanin Kiro'o Games na birnin Yawunde a Kamaru ya fitar da Aurion, wanda aka gina bisa al'adun wannan nahiya. Mu kuwa a Jigawa ba mu rasa kayan aiki ba. Muna da zanen da mutanen farko suka bari a duwatsun Birnin Kudu, da fadamun Baturiya inda tsuntsaye suke sauka daga Turai, da tarihin Sarki Buhari na Haɗeja da yaƙinsa na Gamon Kaffur, da tsayuwar Sarki Muhammadu na Haɗeja a gaban Turawa a 1906, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da ilmin kwamfuta.

Saboda haka ina kira ga samarinmu da kada su wadatu da danna abin da waɗansu suka ƙera, su nemi ilmin ƙera nasu, su zauna gaban tsofaffin maharba da masu tarihi tun suna raye su rubuta abin da ke bakinsu. Iyaye da malamai kuma su sa wa wasa haddi, kada ya ci lokacin salla da karatu, amma su taimaki yaron da suka ga yana da basira a wannan fanni. Allah Ya sa mu amfana da abin da magabata suka bar mana, amin.