Hanyar Stelvio: An Yi Ta Don Doki, Masu Babur Suka Gaje Ta

A arewacin Italiya, daf da iyakar Suwizalan, akwai hanyar da ta tsallake duwatsun Alps ta wani mashigi da ake kira Stelvio. Ƙololuwarsa mita 2,757 ce daga matakin teku, wato ta ɗara Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, da fiye da mita 300, kuma kwalta ce shimfiɗe har can sama. Masu babur na Turai suna yi mata kallon jarrabawa. Idan mutum ya cika baki cewa ya iya tuƙi, tambayar da za a jefa masa ita ce ko ya taɓa hawa Stelvio. Amma waɗanda suka yi hanyar ko a mafarki ba su san babur ba, kuma duk wahalarta da daɗinta daga nan suka samo asali.

Bayan an kayar da Napoliyon, manyan ƙasashen Turai sun zauna a Biyana a 1815 suka raba ƙasashe, yankin Lombardiya da birninsa Milan ya faɗa hannun daular Ostiriya. Sarki Franz na Ɗaya ya samu ƙasa mai arziki, sai dai tsakaninta da lardinsa na Tirol akwai katangar duwatsu, hanyar da ta fi sauƙi kuma ta cikin ƙasar Suwizalan ta bi, inda sojansa ba shi da ikon takawa. Dole a sami hanyar da soja da igwa da wasiƙa za su bi ba tare da sun roƙi kowa izini ba. Aka damƙa aikin ga Carlo Donegani, injiniya ɗan garin Brescia, wanda shi ne kuma ya tsara hanyar mashigin Spluga. An fara a 1820, aka gama a 1825. Shekara biyar ke nan, da diga da shebur da albarushi, a wurin da dusar ƙanƙara ke hana aiki fiye da rabin shekara. Kusan kilomita 50 ce daga garin Bormio zuwa kwarin da ke ɗaya ɓangaren.

Matsalar Donegani ita ce ƙarfin doki. Dabbar da ke jan keke mai kaya tana da iyakar gangaren da za ta iya haurawa, don haka ba a miƙe hanya a tunkari dutse gaba da gaba. Sai ya riƙa naɗe ta, ta tafi hagu ta dawo dama, kowane hawa a kan ɗan'uwansa, ana tokare shi da bangon dutse. Daga garin Prad, wanda ke kan mita 900 da ɗoriya, hanyar tana haurawa fiye da mita 1,800 cikin kilomita 24 ko 25, da kwana 48, kowacce da lambarta. Ana ƙirga su ne daga sama: ta 48 tana gindi, ta 1 tana bakin ƙololuwa. Donegani ya kuma gina gidajen masu gadin hanya a tsakani, inda matafiyi zai fake, doki ya huta. A shekarun farko har da hunturu ana buɗe ta, maza na share dusar ƙanƙara da hannu, ana wucewa a kan keken da ke zamewa bisa ƙanƙara.

Amfanin da aka yi ta dominsa bai daɗe ba. A 1859 Ostiriya ta rasa Lombardiya, hanyar da aka gina don haɗa gida da gida ta koma bakin iyaka. Tudun da ke saman mashigin ya zama mahaɗar ƙasashe uku, Italiya da Ostiriya da Suwizalan. Daga 1915 zuwa 1918 aka gwabza yaƙi a nan, sojoji na haƙa ramuka cikin ƙanƙara har kan dutsen Ortler mai tsayin mita 3,905, sanyi da zaftarewar ƙanƙara na cin rayuka tare da harsashi. A 1919 Tirol ta Kudu ta koma Italiya, iyakar ta gusa arewa. Shi ya sa har yau idan ka sauka a Prad za ka ji ana Jamusanci, ka sauka a Bormio ka ji Italiyanci, alhali ƙasa ɗaya ce.

Da soja ya bar ta, 'yan wasa suka ɗauka. A 1953 babbar gasar tseren keke ta Italiya ta fara bi ta nan, Fausto Coppi ya tsere wa Hugo Koblet a kan hawan ya lashe gasar. Kamfanin Moto Guzzi ya sa wa wani baburinsa suna Stelvio, Alfa Romeo ma ya sa wa mota. A 2007 shirin motoci na Top Gear na BBC ya yi mata kirarin hanyar da ta fi kowace daɗin tuƙi a duniya, jama'a suka yi caa. Ni dai ban yarda da su ba a kan mota, don kwanonin sun yi mata ƙunci. Babur ne ya dace da ita, shi ma sai da ladabi.

Ga abin da nake nufi. Sama da ƙauyen Trafoi, bayan an fita daga daji, sai bangon dutsen ya tsaya maka a gaba, hanya a naɗe a jikinsa har sama. A Italiya hannun dama ake bi, saboda haka kwanar dama ita ce mugu: kana ta ciki, inda ta fi matsewa kuma ta fi tsayuwa. Giya ta ɗaya za ka sa tun kafin ka shiga, yatsu a kan kuloci, ka juya kai gaba ɗaya ka kalli inda za ka fita. Wanda ya tsorata ya damƙe birkin gaba a tsakiyar kwana, zai miƙa ƙafa ya tarar ƙasa ta yi masa nisa, sai babur ya kwanta da shi a hankali, ga jama'a na kallo. Gudu ba ya kayar da mutane a wurin kamar yadda tsayawa ke yi.

A watan Agusta ba na sha'awarta. Italiya duka tana hutu, motocin kwana da bas da masu keke sun cika kowace kwana. Daga tsakiyar Satumba, yara sun koma makaranta, an sauko da shanu daga makiyayar tudu da ƙararrawa a wuya, ana tsinkar tuffa a kwari, hanya ta yi sarari. Zuwa Oktoba itatuwan larch sun koma ruwan ɗorawa, iska ta washe, Ortler ya fito fes da farin kansa. Amma kaka tana da sharuɗɗanta. Raɓa tana daskarewa da dare a wuraren da rana ba ta kai ba, ganyen larch mai kama da allura yana zuba a kwalta ya yi santsi, ga kashin shanu. Zafin da ka bari a kwari yakan ragu da digiri goma ko fiye kafin ka kai sama. Don haka sammako ba dabara ba ce a nan. Ka bari hantsi ya ɗaga sosai, ka cika tanki tun a ƙasa, ka ɗauki safar hannu mai kauri, ka kuma lissafa cewa la'asar ta same ka a kwari.

Zagayen da na fi so bai kai kilomita 70 ba. A tashi daga Prad a hau kwanoni 48, a ɗan gangara ɓangaren Bormio, a karkata dama ta mashigin Umbrail, wanda aka buɗe hanyarsa a 1901, a sauka Santa Maria cikin Suwizalan, a dawo Italiya ta Glurns, ƙaramin gari mai ganuwa. A riƙe fasfo a aljihu. Tsiran da ake gasawa a ƙololuwa kuwa, Musulmi ya tambaya kafin ya saya, don naman alade ya yi yawa a abincin yankin.

Masu share ƙanƙara da hannu sun daɗe da wucewa, yanzu hukuma rufe hanyar take yi, yawanci daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu, kuma dusar ƙanƙara ta dare ɗaya takan sa a rufe ta ko a Satumba. Kafin ka tayar da babur, ka duba sanarwar hukumar hanya ta safiyar ranar, kada ka dogara da ta jiya.