Jibiya: Abin da Awo Ya Warware da Abin da Ya Gagare Shi

Tsakanin 1906 da 1908, ayarin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ya ratsa ƙasa daga Kogin Kwara har Tafkin Chadi yana kafa turakun iyaka. Da dare su duba taurari da na'ura su lissafa inda suke tsaye, gari ya waye su auna nisa. Turaku 148 suka kafa. Jibiya ta faɗo hannun Ingila, Ɗan Issa da Maraɗi suka tafi ga Faransa.

Wannan aikin kimiyya ne. Duk mai shakka ya ɗauko na'ura ya sake awo, in da kuskure zai kama shi. Sai dai akwai tambayar da tauraro bai amsa musu ba. Sarakunan Maraɗi zuriyar sarakunan Katsina ne da jihadi ya fitar a farkon ƙarni na 19, har yau kuma Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar Maraɗi. To, mutumin Ɗan Issa da ya shigo kasuwar Jibiya da tumakinsa, ya sauka gidan gwaggonsa, baƙo ne ko ɗan gida? Ko sau dubu aka auna, ba za a sani ba. Tambaya ce ta falsafa, da hujja da muhawara ake bin ta, kuma masu hankali biyu na iya rabuwa a kanta ba tare da ɗayansu ya jahilci komai ba.

Haka ta sake faruwa da madatsar ruwan Jibiya, wadda aka gina kan Kogin Gada, ruwan da in ya tsallaka Nijar yake zama Gulbin Maraɗi. Injiniya zai faɗa maka tana ɗaukar kubik mita sama da miliyan 140, ya lissafa wanda rana ke ƙafarwa. Amma nawa ne haƙƙin mai noman rani a Jibiya, nawa ne na mai fadama a Madarumfa da ke Nijar? Na sama ya fi cancanta don ruwan ya fara biyowa ta gonarsa? A ganina a'a, ko da yake ba ni da ma'aunin da zan ɗora wannan ra'ayi a kai.

Shi ya sa a 1990 Najeriya da Nijar suka zauna a Maiduguri suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da Gada. Alƙaluman injiniyoyi suna kan tebur, amma da ciniki da rarrashi aka tsayar da abin da za a kira adalci.