Tarihin Kambun Dambe a Ƙasar Hausa da Tailan

Gabatarwa

Dambe tsohon wasa ne a ƙasar Hausa, kuma an fi danganta shi da mahauta. A da, lokacin kaka ake yin sa, bayan amfanin gona ya zo gida, inda 'yan dambe ke bin garuruwa tare da makaɗansu. Ɗan dambe kan naɗe hannu ɗaya da zare, ɗayan ya tsare jiki da shi. Wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa shi ake cewa ya yi kisa, in kuwa an yi turmi uku ba kisa sai a raba.

Yadda ake zama gwani a da

A wancan zamani babu hukumar da ke naɗa zakara, babu kuma rabon aji bisa nauyin jiki. Sunan mutum yana tashi ne ta hanyar kisan da ya yi a gaban jama'a, sannan makaɗi ya ɗauki labarin ya kai inda ƙafar ɗan damben ba ta taka ba. Misali mafi shahara shi ne Shago, wanda waƙar da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi masa ta sa har yau waɗanda ba su taɓa ganin wasansa ba suke sanin shi. Ke nan ganga da kirari su ne kundin da ya adana tarihin gwanaye. Ɓangarorin Kudu da Arewa (wato Jamus) da Guramada kuma su ne gidajen da ɗan dambe ke kare wa mutunci.

Abin da ya faru a Tailan

Damben Tailan, wanda ake kira Muay Thai, shi ma da naɗin igiya ya faro, kafin a koma safar hannu a wajajen ƙarshen shekarun 1920. An buɗe filin Rajadamnern a birnin Bankok a 1945, sai na Lumpinee a 1956 a ƙarƙashin rundunar sojan ƙasar. Kowane fili na da ɗamararsa a kowane ajin nauyi. A 1978 Toshio Fujiwara na Japan ya zama baƙo na farko da ya ci ɗamarar Rajadamnern. Samart Payakaroon kuwa ya riƙe ta Lumpinee a aji huɗu, sannan ya ci kambun duniya na damben Turawa a 1986.

Daga baya hukumomi masu ba da kambun duniya suka yawaita, irin su WMC da aka kafa a 1995, da reshen WBC. Yawansu ya sa ana iya samun zakarun duniya da dama a aji guda, shi ya sa masana wasan suka daɗe suna fifita ɗamarar filayen Bankok, domin a can ne maza suka fi tsauri.

Damben Hausa a yau

Dambe ya tashi daga dandalin kaka ya koma gidajen dambe na dindindin a Kano da Katsina da Sakkwato da Abuja har Legas. Ana sa gasar mota ko babur, kuma kamfanoni irin su African Warriors sun shigo da alƙalai da ɗamara da yaɗa wasa ta intanet.

Kammalawa

Tarihin Tailan ya nuna cewa darajar kambu tana bin ƙarfin waɗanda aka buge kafin a same shi. Idan kowane mai gidan dambe ya naɗa nasa sarkin, sarautar za ta yi arha, kuma mahaukaci ya hau kura. Abin da damben Hausa ke buƙata shi ne fage guda da dukkan ɓangarorin nan uku za su yarda da hukuncinsa.